Man birki yana tsufa ko da mota tana ajiye

Sanin kowa ne cewa direban da ya san aikinsa ba ya tayar da mota da safe sai ya ɗaga murfin inji ya dudduba. Zai zaro sandar awo ya ga baƙin mai, ya leƙa ruwan sanyaya inji, ya zagaya ya bubbuga tayoyi da ƙafa. Daga nan sai ya kai ido ga wani ɗan farin kurtun roba da ke can ƙurya, daidai gaban mazauninsa. In man da ke ciki ya kai zanen sama, shi ke nan, hankalinsa ya kwanta. In ya yi ƙasa, sai ya aiki yaron mota ya sayo na ƴan daloli a ƙara. Haka ake yi a tashar Maraɗi, haka ake yi a Damagaram da Tawa, haka kuma ake yi a garejin ma'aikatu da yawa a Yamai.

Wannan dubawa tana da kyau, amma a rabin hanya ta tsaya. Yawan man take nunawa, ba ta cewa komai game da lafiyarsa. Motoci nawa ne ke bisa hanya waɗanda suka shekara biyar, ko takwas, ko goma, ba a taɓa juye man birkinsu ba, sai dai ƙari, sabo bisa tsoho? In aka tambayi mai mota yaushe aka yi juyen baƙin mai, zai faɗa har da kilomita, domin makanike ya rubuta a ƴar takarda ya rataya masa. In aka tambaye shi man birki, sai ya yi murmushi ya ce: «Ai wannan ba ya ƙarewa.» Da gaskiyarsa, ba ya ƙarewa. Lalacewa yake yi, kuma a ɓoye, ba ƙara, ba hayaƙi, ba wari, har ranar da za a neme shi a rasa.

Lalle ne masu motoci, da direbobi, da shugabannin ma'aikatu su yarda cewa man birki yana da wa'adi, kuma wa'adin na kalanda ne. Ko mota tana safara tsakanin Yamai da Difa, ko tana ajiye ƙarƙashin rumfa, in man ya cika shekara biyu lokacin zubar da shi ya yi. Ba sai mutum ya yi karatun injiniya zai gane dalili ba.

Ƙafar ɗan Adam ba ta da ƙarfin tsayar da mota mai nauyin tan ɗaya da rabi. Abin da ke faruwa in direba ya taka feda shi ne, wani famfo da ke ƙarƙashin kurtun nan yana tura mai cikin siraran bututun ƙarfe da tiyon roba har zuwa kowace taya. A can man yana tura wasu ƙarafa, su kuma su matse fatun birki, waɗanda makanikai ke kira falaketi, a jikin faifan ƙarfe ko gangar da ke juyawa tare da tayar. Dabarar duka ta rataya ne ga wani hali na abu mai ruwa-ruwa: ba ya matsuwa. In aka cika bututu da shi aka tura ta wannan baki, nan take ƙarfin zai fita ta wancan. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ya bayyana wannan ƙa'ida. Wani Ba'amurke kuma, Malcolm Loughead, ya yi rajistar birkin mota mai aiki da mai a 1917. Daga baya aka mai da rubutun sunan Lockheed, shi ya sa har yau makanikan ƙasashe masu amfani da Faransanci in suna son man birki sukan ce a kawo «lokid». To, iska da tururi ba haka suke ba. Su suna matsuwa kamar auduga. Duk bututun birkin da iska ko tururi ya shiga, ƙarfin ƙafa a hanya zai ƙare, ba zai isa taya ba.

Ina ruwan tururi da man birki? Yawancin man da ake sayarwa ana haɗa shi ne da wani sinadari mai suna gilikol, wanda halinsa shan ruwa ne. Yadda gishiri ke jiƙewa cikin buhu a watan Agusta ba tare da ruwan sama ya taɓa shi ba, haka wannan man ke tsotse laimar da ke cikin iska. Masu yinsa sun san da haka, da gangan ma suka zaɓe shi. Da a ce man ba ya haɗiye ruwa, da duk ɗigon da ya shiga zai gangara ya kwanta wuri guda kusa da taya, inda zafi ya fi yawa, ya tafasa a digiri 100, ko ya ci ƙarfen wurin, ko kuwa a ƙasashen sanyi ya daskare ya toshe bututu. Haɗiyewar tana watsa ruwan cikin man gaba ɗaya, ta jinkirta ɓarnar. Sai dai kowane ɗigo da man ya haɗiya yana rage masa ƙarfin jure zafi. Laimar tana shiga ta ƴar kafar shaƙar iska da ke jikin murfin kurtu, tana ratsa jikin tiyon roba sannu a hankali, tana kuma shiga duk sa'ad da aka buɗe murfin. Babu motar da ta tsira daga wannan, sabuwa ce ko tsohuwa, ta minista ce ko ta ɗan kasuwa.

An auna abin, akwai lambobi. Ma'aikatar sufuri ta Amurka ta kafa wani ma'auni wanda kamfanonin duniya ke bi, kuma harufan DOT da ake gani a jikin kwalba taƙaitaccen sunan ma'aikatar ne da Ingilishi. Ma'aunin ya ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, sabon DOT 4 ƙasa da 230, sabon DOT 5.1 ƙasa da 260. Sa'an nan ya ba da lamba ta biyu, ta man da ya riga ya sha ruwa kimanin kashi 3 da rabi cikin 100: digiri 140 ga DOT 3, 155 ga DOT 4, 180 ga DOT 5.1. A dubi wannan da kyau. Ruwan da bai wuce babban cokali biyu da rabi cikin lita guda ba ya isa ya zubar da digiri 75 daga ƙarfin DOT 4. Man da ke cikin mota yana iya kusantar wannan matsayi cikin shekara biyu ko uku, gwargwadon damshin wurin da take. Kuma ba nan yake tsayawa ba. Yana ci gaba da sha, yana ci gaba da sauka. Wanda ya shekara takwas a mota, sunan man birki kawai ya rage masa.

Zafin kuwa ba daga nesa yake zuwa ba. Aikin birki shi ne mai da gudu zafi. Mota mai tan ɗaya da rabi da ke gudun kilomita 100 a awa, in aka tsayar da ita cak, zafin da ke fita a tayoyinta ya isa ya kai kusan lita biyu na ruwa ga tafasa, kuma cikin ƴan daƙiƙoƙi. In nauyi ya ninka, zafin ya ninka. In gudu ne ya ninka, zafin ya ninka har sau huɗu. Faifan birki yana iya wuce digiri 400 in aka matsa masa. Tsayawa ɗaya ba ta da komai, iskar tafiya tana kwashe zafin kafin a sake bukata. Wahalar tana zuwa ne in aka jera takawa ba hutu, ko aka doshi doguwar gangara ƙafa na bisa feda.

A ɗauki misalin ƙaramar motar haya irin Hiace mai mutum 19. Ta taso daga Buza ko Keita ranar kasuwa cikin watan Mayu, cike da mutane, an ɗaura buhunan albasa a sama. Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, hanya takan hau tudu ta faɗa kwari. Rana ta take, zafin inuwa ya haura digiri 40. Direba ya taka saboda rami, ya taka saboda amalanke, ya taka saboda gangara, ya sake takawa. Zafin faifai ya ratsa falaketi ya kai ga man da ke bayansu. Muddin ƙafarsa tana bisa feda, matsi yana hana man tafasa, kamar tukunyar da aka danne wa murfi. Yana ɗaga ƙafa sai matsin ya sauka, ruwan da ke cikin man ya zama tururi, alhali ɗigon ruwa in ya zama tururi yana kumbura fiye da sau dubu. A kwanar gaba sai ga garken shanu yana ƙetare hanya. Ya taka, feda ta tafi har ƙasa ba ta tarar da komai ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ya gane abin da ya faru ya kai hannu ga giya, ta ci mita arba'in ko fiye, da mutum 19 a cikinta.

Abin takaici a wannan cuta shi ne tana share sawunta. In Allah ya kiyaye aka tsaya lafiya, bayan rabin awa man ya huce, tururi ya koma ruwa, feda ta dawo da taurinta kamar ba abin da ya faru. Makanike ya duba, ba yoyo, kurtu a cike, falaketi da sauransu. Wani ya ce tsautsayi ne, wani ya ce wurin ne ke da iskoki, a hau a ci gaba da tafiya da man nan dai. In kuma ba a tsira ba, mai binciken da ya iso bayan awa biyu yana iya tarar da birki na kamawa, laifi ya koma kan gudu ko gyangyaɗi, ga direban kuwa ba ya nan balle ya faɗi abin da ƙafarsa ta ji. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 suka mutu a haɗuran hanya cikin 2021, kuma in aka gwada da yawan jama'a, yankin Afirka ne a gaba. Ba wanda ke musun cewa gudun wuce kima, da lodin da ya fi ƙarfin mota, da tuƙi cikin maye, da lalacewar hanya sun fi tsohon man birki kisa nesa ba kusa ba. Amma gyaran hanya biliyoyi yake ci da shekaru. Wannan kuwa lita ɗaya ce da aikin awa ɗaya.

Ya kamata direba ya iya bambanta ciwo biyu. In feda tana da tauri amma mota ta ƙi tsayawa, ga ƙauri na tashi, falaketi ne suka yi zafi. In feda ta yi laushi ko ta nutse, maganar mai ce: ko ya tafasa, ko iska ta shiga, ko yana yoyo. A wannan hali sai a famfa feda da sauri sau da yawa, a riƙa rage giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu a hankali ba da fizga ba. Kada a kashe inji, domin a yawancin motoci shi ke taimakon birki da sitiyari. Tsofaffin direbobi suna da wata ƙa'ida da ba ta tsufa: giyar da za a hau tudu da ita, da ita ake saukarsa.

Akwai ɓarna ta biyu, mai tafiyar hawainiya, wadda aljihu ke jin ta. Ruwa da ƙarfe ba sa zama tare ba tsatsa. Sabon man yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, amma suna ƙarewa da shekaru. In sun ƙare, tsatsa takan kama cikin babban famfo da ƙananan famfunan tayoyi, ta kankare robobin da ke tare man, yoyo ya fara, ko kuwa ƙarfen da ke tura falaketi ya cije, taya ɗaya ta riƙa ja tana zafi. Motocin zamani suna da na'urar ABS, wadda ke hana taya kullewa in an taka da ƙarfi. Cikinta ƙofofi ne ƙanana ƙwarai, datti kaɗan ke toshe su, kuma kuɗin na'urar ya ninka na man sau da yawa. Wanda ya ƙi sayen lita ɗaya, shi ne zai zo yana aika saƙo Kano ko Lome a nemo masa na'ura.

Wani zai ce: ai wannan maganar Turai ce, inda ake ruwa duk shekara, ƙasar da rabinta hamada ce ina ta ga laimar da za ta ɓata mai? Maganar ba ta rasa gaskiya ba. Motar da ba ta fita Agadas da Arlit ba za ta fi ta Gaya jinkirin shan ruwa, kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu iskar ƙasar nan a bushe take ƙamas. Amma kudancin Nijar, inda jama'a da motoci suka fi yawa, yana da damina ta wata uku zuwa huɗu, kuma duk wanda ya shanya tufafi a Maraɗi cikin Agusta ya san laima tana nan. A lokacin ne motoci ke faɗawa koramu ruwa har gindin ƙofa. Ga masu wankin mota da ke sakar wa inji tiyo da ƙarfi. Ga ƙura, wadda ke shiga kurtu duk lokacin da aka buɗe shi a tasha ba a goge murfi ba. Bugu da ƙari, abin da bushewa ta ba da, zafi da lodi sun karɓe. Man da zai iya kai mai shi gida a ƙasar sanyi, cikin mota mai mutum biyu, ba lalle ya kai mutum 19 da albasa cikin bazarar Adar ba.

Sa'an nan a tuna inda motocin suka fito. Mafi yawansu an yi amfani da su shekaru a Turai, ko Amurka, ko wasu ƙasashe, kafin a ɗoro su jirgin ruwa. Sun yi makonni bisa teku, sun yi kwanaki ko watanni a filin tashar Kwatano ko Lome, bakin teku, inda laima ta fi ko'ina. Wanda ya yanke shawarar sayar da tsohuwar motarsa zuwa Afirka da wuya ya kashe kuɗi wajen juye mata man birki. Mai saye a nan yakan yi mata juyen baƙin mai, ya sa mata tayoyi, ya yi mata fenti, a yi addu'a a shafa. Man birkin da ta zo da shi, wanda ba wanda ya san shekarunsa, shi ne zai ci gaba da ɗaukar iyalinsa. Duk motar hannu da aka saya, juyen man birki ya kamata ya shiga aikin makon farko, ba tare da wata tambaya ba.

Maganar abin da ake ƙarawa ma abin dubawa ce. A bakin tasha akan ga man birki cikin kwalbar da ba tasa ba, ana tsiyayawa ana sayarwa kaɗan-kaɗan, ko kwalba a buɗe tana shan rana da raɓa tun bara. Irin wannan ya riga ya sha ruwansa tun kafin ya shiga mota. Abin da ya dace shi ne ƙaramar kwalba mai hatimi, a buɗe ta gaban mai saye, abin da ya rage kuma kada a ajiye shi zuwa baɗi. Araha ba ta ado, a nan ma ba ta tsayar da mota. Irin man da mota ke so a rubuce yake a bisa murfin kurtu, DOT 3 ko DOT 4 galibi, duk mai iya karatu zai gani. Ana iya sa DOT 4 inda aka ce DOT 3, amma ba a komawa baya. DOT 5, wanda ba shi da ɗigo da 1 a gaba, wani iri ne dabam na silikon, mai launin shunayya, ba ya haɗuwa da sauran, kuma sunansa ya ruɗi mutane da yawa. Wasu tsofaffin motocin Citroën suna da nasu koren mai, LHM, shi ma ba a gauraya shi da kowa. Mafi haɗari duka shi ne abin da wasu ke yi in sun matsu a daji: baƙin mai, ko man sitiyari, ko man giya. Ko kaɗan ne ya shiga, robobin birki za su kumbura su lalace, sai an sake su gaba ɗaya.

Yaushe ke nan za a juye? Hukunci na farko yana cikin littafin da kamfani ya haɗo da motar. Kamfanoni da yawa, musamman na Turai, shekara biyu suka yanka, wasu uku. Tun da yawancin motocin hannu ba sa zuwa da littafinsu, shekara biyu ita ce ƙa'idar da ba ta cutar da kowa. Motar haya da ke lodi kullum, in aka yi mata kowace shekara ba a yi asara ba. Ba a jiran wa'adi in feda ta taɓa nutsewa bayan gangara, ko in mota ta kwana cikin ruwa, irin abin da aka gani a ambaliyar daminar 2024 a Maraɗi da Damagaram. Launi yana taimakawa amma ba abin dogaro ba ne: sabon mai garau yake, fari-fari ko ruwan zuma, wanda ya koma kamar shayin da ya daɗe bisa wuta ya wuce lokacinsa tuni, sai dai kuma mai yana iya zama garau alhali ya ƙoshi da ruwa. Akwai wata ƴar na'ura mai kama da alƙalami da ake tsomawa cikin kurtu ta nuna yawan ruwan. In ta nuna kashi 3 cikin 100, ba sauran shawara. Akwai kuma wadda ta fi ta gaskiya, mai dafa ɗan man ta faɗi digirin da yake tafasa. Game da raguwar man cikin kurtu, in a hankali yake sauka cikin watanni, alama ce falaketi na cinyewa, su ya kamata a duba. In cikin kwanaki ya sauka, yoyo ne, motar kuma ba ta tafiya ko'ina sai gareji. Ƙari bisa ƙari yana rufe alamun nan biyu.

Aikin kansa ba shi da wuya, amma akwai na gaskiya akwai na ganin ido. Na ganin ido shi ne a zuƙe abin da ke cikin kurtu, a zuba sabo, a rufe. Mai mota ya leƙa ya ga garau, ya biya. Alhali man da ya fi lalacewa yana can ƙasa wajen tayoyi, inda zafi yake, ba a taɓa shi ba. Na gaskiya sai an bi tayoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya, galibi a fara da wadda ta fi nisa da babban famfo. Mutum ɗaya yana taka feda, ɗaya yana kwance ƴar kusar fitar da iska, tsohon man yana fita ta siririn tiyo zuwa cikin kwalba, har sai an ga sabo ya biyo baya ba kumfa. Ana yi ana cika kurtu, domin in ya ƙafe iska ta shiga, aiki ya koma farko. Lita ɗaya takan ishi ƙaramar mota. Mai mota yana da ikon tsayawa ya gani, kuma in makanike ya ce: «Alhaji, an gama,» ba rashin kunya ba ne ya amsa: «Madalla, maigida, to ina wanda ya fito daga tayoyin?» Tsohon man guba ne. Ba a zuba shi ƙasa kusa da rijiya, ba a barinsa cikin kwalbar lemo inda yara ke wasa, kuma in ya zuba a jikin mota a wanke da ruwa nan da nan, don yana cin fenti.

Kuɗin man da na makanike gaba ɗaya ba su kai na cika tankin motar sau ɗaya ba. Sau ɗaya ke nan cikin shekara biyu. A nan ne magana ta iso kan ma'aikatu. Motar gwamnati ko ta wani shiri tana da takardar mai, tana da littafin tafiya inda ake rubuta kilomita da juyen baƙin mai, amma da wuya a ga layin da aka keɓe wa man birki. Direba ba shi ke riƙe da kuɗi ba. In ya kawo maganar, akan ce masa ai motar ba ta yi wani gudu ba bana, wata shida ma tana ajiye ana jiran kayan gyara. Wannan amsa ba ta dace da man da ke shan laima yana tsaye ba. Ranar da abu ya faru kuwa, direban ne ake tuhuma. Wanda ke sa hannu a takardar kashe kuɗi, shi ya kamata ya ɗauki wannan nauyi: a ƙara layi ɗaya cikin littafin kowace mota, a manna ƴar takarda a jikin kurtu da wata da shekarar da aka juye, yadda sabon direba ko sabon darakta zai gani ba sai ya tambayi kowa ba.

Binciken lafiyar mota, wato bizit teknik, shi ma yana da giɓi a nan. Birki mai sanyi ake gwadawa, kuma an ga cewa mai da ya ƙoshi da ruwa yana kamawa sarai muddin bai yi zafi ba. Mota tana iya samun takardarta da safe, feda ta nutse da la'asar. Tsoma ƴar na'urar awo cikin kurtu bai fi minti ɗaya ba. Da hukumomin da ke kula da kiyaye haɗuran hanya za su sa wannan awo cikin sharuɗɗan motocin haya, da an toshe giɓin. Sandikan direbobi ma ba sai sun jira doka ba. Ƙungiyar da ke iya karɓar kuɗin lodi a kowace mota tana iya sayen na'ura ɗaya ta ajiye a ofishin tasha. Manyan motocin kaya da manyan bas-bas ba su cikin wannan lissafi, yawancinsu birkin iska gare su, nasu aikin shi ne zubar da ruwan da ke taruwa cikin tankunan iska. Amma ƴan kabu-kabu masu babur mai faifai a tayar gaba suna ciki: ɗan akwatin da ke kusa da hannun dama man birki ne a cikinsa, irin wannan dai, kuma da yake kaɗan ne, ga shi yana shan ruwan sama da rana kai tsaye, bai fi na mota jimiri ba.

In za a sa wa aikin lokaci guda a shekara don kada a manta, ƙarshen kaka ya fi dacewa. Ruwa ya ɗauke, iska ta bushe, man da za a zuba ba zai sha laima wajen zubawa ba, kuma zai shiga zafin Afrilu da Mayu da ƙarfinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma kuɗin ma'aikata bai isa a yi wa motoci duka a shekara ɗaya ba, a fara da motocin ɗaukar marasa lafiya na asibitocin karkara. Su ne ke kwana da kwanaki a tsaye, sa'an nan a tashe su tsakar dare, su ƙetare korama, su yi gudu da mai naƙuda a baya zuwa Tawa, ko Maraɗi, ko Damagaram.